Hangen Mambila Ba Hawanta Ba Ne

Wani dare ne cikin watan Afrilu, irin daren nan na Kano da ko an fito da tabarma tsakar gida barci ba ya zuwa. An ɗauke wuta. Mu biyar muna zaune a bencin mai shayi a Gyadi-Gyadi, muna neman 'yar iskar da ke kaɗowa daga titin Zariya. Sai ɗaya daga cikinmu ya miƙo wayarsa ya ce, "Ku faɗa mini wace ƙasa ce wannan."

Muka leƙa. Tuddai ne kore shar, wani na bin wani har iyakar ganin ido. Shanu na kiwo a gefen tudu, gajimare ya sauko ya kwanta a cikin kwari kamar an baza auduga, ga wani mutum a kan babur ya sha jaket da hular sanyi da rana tsaka. Wani ya ce Turai ce. Wani ya ce Habasha. Mai wayar ya yi dariya ya ce, "Nijeriya ce. Gembu ke nan, a kan tsaunin Mambila, jihar Taraba."

Kafin mu tashi daga bencin nan mun riga mun yanke shawara: in an yi dogon hutu a watan Agusta, sai Gembu. Dukkanmu ɗaliban Jami'ar Bayero ne, uku daga Gyadi-Gyadi, biyu daga Tarauni, kuma babu wanda ya taɓa hawa abin da ya fi Dutsen Dala a cikinmu. A daren muna ganin tafiyar ba ta wuce a shiga mota a sauka ba. Yau wata bakwai ke nan, ba mu tafi ba tukuna. Abin da ya tsayar da mu shi muke so mu ba ku labari, ƙannenmu na sakandare, domin mun san a cikinku akwai masu irin wannan buri.

Ina ne Mambila?

Abu na farko da muka yi shi ne buɗe taswira. Mambila tana kudu maso gabashin jihar Taraba, a kan iyakar Nijeriya da Kamaru, cikin Ƙaramar Hukumar Sardauna, kuma Gembu ce hedikwatarta. Ba dutse guda ba ne mai tsini. Ƙasa ce sukutum da ta ɗaga sama, da garuruwanta da gonakinta da kasuwanninta, tsayinta ya kai kimanin mita 1,600 daga matakin teku.

Domin ku gane, birnin Kano bai kai mita 500 ba. Ƙololuwar Dala tana wajen mita 534, wato 'yan mitoci kaɗan ta ɗara gari. Jos da muke yi wa kirari da sanyi tana wajen mita 1,200. Ke nan mutumin Gembu, ko a tsakar gidansa yake zaune, ya fi mai tsaye a kan Dala tsayi da kimanin kilomita guda.

Wannan tsayi shi ne sirrin jaket ɗin mai babur. Kun karanta a darasin labarin ƙasa cewa duk mita 1,000 da aka hau, zafin iska yana raguwa da wajen digiri 6 da rabi. Haka kuma iskar da ke tasowa daga tekun Atilantika ɗauke da laima, idan ta ci karo da tsauni dole ta hau, in ta hau ta yi sanyi, in ta yi sanyi ta zubar da ruwa. Shi ya sa daminar Mambila ta fi tamu tsawo da yawan ruwa nesa ba kusa ba. Farin abin nan da muka gani kwance a cikin kwari kuwa, ba irin hazonmu na hunturu ba ne mai ƙura. Da dare iska mai sanyi takan gangaro ta taru a ƙasan kwari, laimar da ke cikinta ta zama hazon ruwa, sai rana ta ɗaga ya watse.

Kwarin da ya fi jan hankalinmu shi ne na kogin Donga, wanda ke ratsa tsaunin a ƙasan garin Gembu. A kan tsaunin kogin ya samo asali, daga nan ya gangara ya je ya faɗa cikin kogin Binuwai. A kansa ne aka daɗe ana maganar gina tashar wutar lantarki ta Mambila mai ƙarfin megawat 3,050. Muka dubi juna a cikin duhun da muke zaune, muka yi dariya.

Sunan ƙaramar hukumar ma yana da tarihi. Yankin ya taɓa zama ƙarƙashin mulkin Jamus a matsayin wani ɓangare na Kamaru. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ya koma hannun Ingila. A watan Fabrairun 1961 aka yi ƙuri'ar raba gardama ƙarƙashin kulawar Majalisar Ɗinkin Duniya, mutanen Arewacin Kamaru ta Ingila suka zaɓi shiga Nijeriya, aka raɗa wa yankin Lardin Sardauna don girmama Sa Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato. Ita kuwa jihar Taraba, a 1991 aka cire ta daga tsohuwar jihar Gongola.

Abin da tasha ta koya mana

Da muka cika cikinmu da ilmin taswira, sai muka nufi tashar Unguwa Uku wata ranar Asabar don jin kuɗin mota. Aka nuna mana wani dattijon direba da ya daɗe yana bin hanyar gabas. Muka gaishe shi, muka ce, "Baba, Gembu muke son zuwa. Awa nawa ne?"

Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Samari, ba a tambayar Gembu da awa. Kwana ake tambaya."

Ya ɗauki tsinke ya zana mana hanyar a ƙasa. Daga Kano a bi ta Wudil da Birnin Kudu, a ratsa Darazo da Dukku a shiga Gombe. Daga Gombe a bi Kaltungo a isa Numan, inda kogin Gongola ya haɗu da Binuwai, sannan a karkata zuwa Jalingo. Wannan kaɗai yini guda ne cur. A kwana a Jalingo. Da asuba a sake shiga wata motar, a bi Garba Chede da Bali da Serti har Mayo Selbe, gindin tsauni. Daga nan ne hawa ke farawa, titi yana nannaɗe jikin dutse, kwana bayan kwana, gefe guda bango, gefe guda rami. A nan ne ake da wurin da ake kira Hawan Biyu da Sisi, wanda ake danganta sunansa da ladan sule biyu da sisi na zamanin da ake hawa da kaya a ka. In an gama hawan sai Maisamari, sai Nguroje, sannan Gembu. Jimilla tafiya ce ta kimanin kilomita 1,000.

"Yaushe kuke son tafiya?" in ji shi.

"Watan Agusta, Baba. Lokacin muke hutu."

Ya ajiye tsinken. "Agusta tsakiyar ruwa ke nan. Hanya na santsi, ƙasa na iya zaftarewa ta tare titi, hazo ya rufe ka har ba ka ganin gaban motarka. Masu gari suna bi don dole. Ku da za ku je kallo, me za ku gani cikin ruwa? Ku bari ruwa ya janye, daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu. Kuma ko yaushe ne, kada ku yarda a hau da ku dutsen nan da dare."

Muka fito daga tashar jikinmu a sanyaye. Hoton da ke cikin waya ya nuna mana ciyawa da gajimare, amma bai nuna mana kwana biyu a mota ba, bai kuma gaya mana cewa koren da ya burge mu ruwan sama ne ya kawo shi, ruwan da zai iya hana mu isa. Hausawa sun ce hangen Dala ba shiga birni ba ne. Mu da aka haifa a gindin Dala, sai a ranar muka ji karin maganar a jikinmu.

Tambayoyi uku

Na biyu da ya tsayar da mu shi ne mahaifin ɗaya daga cikinmu, a Tarauni. Sauran iyayen duk sun ce in ya yarda sun yarda, don haka muka je mu biyar bayan sallar isha'i, muka zauna a ƙasa a zaurensa.

"Baba, mun zo neman izini ne. Muna so mu je yawon buɗe ido Mambila."

Bai ce a'a ba. Cewa ya yi, "Madalla, yarana. Ina da tambaya uku. Wa kuka sani a can? A ina za ku kwana? In mota ta lalace a hanya kuka ƙara kwana biyu, da me za ku ci abinci, da me za ku dawo?"

Shiru. Babu ko ɗaya da muke da amsarta.

"To ku je ku nemo. Ranar da kuka samo amsa uku, ni zan kai ku tasha da kaina."

A hanyar komawa gida wasunmu sun ji haushi, suna cewa ai hanawa ce aka yi cikin dabara. Amma da muka natsu sai muka ga tambayoyin nan uku su ne shirin tafiyar gaba ɗaya. Muka sayi littafin rubutu mai shafi 40, muka rubuta kowace tambaya a saman shafinta.

Amsar ta farko a cikin makaranta muka same ta. Bayan cigiya ta mako biyu, aka haɗa mu da wani ɗalibi ɗan Nguroje da ke aji uku. Ya yi murna ƙwarai, ya kira mahaifinsa a gabanmu, daga baya iyayen biyu suka yi magana ta waya. Wannan ya warware tambaya ta biyu ma: kwana ɗaya a masaukin baƙi a Jalingo, sauran a gidansu, kuma tare da shi za mu tafi in ya tashi komawa hutun Disamba.

Shi ne ya gyara mana tunani a kan mutanen wurin. Mu da muke zaton daji ne da shanu, sai ya lissafa mana al'ummomin da ke zaune a kan tsaunin: Mambila, Fulani, Kaka, Panso, Kambu, da Hausawa 'yan kasuwa. Ya ce za mu sami masu jin Hausa, amma Fulatanci ne harshen da ya fi haɗa jama'a a kasuwa. Ya koya mana "A waali jam?" wato ina kwana, da "Mi yetti," wato na gode. Ya ce kalmar "mayo" da ke cikin Mayo Selbe kogi take nufi. Sannan ya ja mana kunne: kada mu ɗauki hoton mutum ko garkensa ba tare da izini ba, kada mu ratsa gona ko makiyaya don neman gajeriyar hanya. Maganar ƙasa tana da nauyi a can, domin an taɓa samun mummunan rikici a kanta, na shekarar 2017 bai bar zukatan mutane ba. Baƙo ya gaida kowa, ya kama bakinsa.

Maganar kuɗi

Tambaya ta uku ita ta fi ba mu wuya. Tun watan Mayu muke zuba naira 2,500 kowane mako a hannun ma'ajinmu. Wani daga kuɗin koyar da yara darasi da yamma, wani daga gyaran waya, wani daga tsaron shagon yayansa a kasuwar Tarauni. Da muka zauna lissafi, sai muka tarar abin da muka tara zuwa Agusta ko kuɗin motar zuwa da dawowa bai cika ba. Da mun tafi yadda muka so tun farko, da a Jalingo za mu fara kiran gida.

Yanzu mun kasa kuɗin kashi huɗu: na mota, na abinci da masauki, na zirga-zirga a can, wadda yawancinta a kan acaɓa ce, sai na ko-ta-kwana. Wannan na ƙarshe ɗaya bisa biyar ne na duk abin da muka tara, kuma mun yi alkawari ba za a taɓa shi don tsaraba ba. Kowa zai riƙe wani abu a hannu, a raba a aljihu daban-daban, don ba ko'ina ake samun sabis ɗin waya ba balle a dogara da tura kuɗi. Kuɗin mota kuwa muna sake tambayarsa duk wata, tunda yana tafiya ne da farashin mai.

A watan Satumba abin ya kusa rushewa. Abokinmu mai waya, wanda ya fara nuna mana Gembu, ya zo ya ce a ba shi kuɗinsa, rajistar makaranta ta taso kuma gida babu. Biyu daga cikinmu suka ce in an fara cirewa kowa ma ya ɗauki nasa a huta. Mun yi kwana uku ba ma zama a benci ɗaya. A ƙarshe ma'aji ya ƙirga masa kuɗinsa cif, domin karatu yana gaba da yawo, sauran huɗun kuma muka ƙara naira 500 a kan zubinmu na mako. Shi ma ya koma zubi da abin da ya samu. Ko zai cika kafin Disamba, lissafin yana nan a shafi na 17, kullum muna dubawa.

Jiki da jaka

Mun tambayi wata 'yar'uwarmu ma'aikaciyar jinya ko tsayin wurin zai sa mu ciwo. Ta ce ciwon hawan tsauni yawanci sai an haura mita 2,500 yake kama mutane, don haka Gembu ba ta kai nan ba. Amma wanda bai saba ba zai yi haki in yana hawan tudu, ga sanyin dare, ga jiri da amai a kwane-kwanen hanya. Ta ce mai asma ko sikila ya ga likita kafin ya sa ƙafa, domin sanyi da gajiya suna tayar da su. Ta haɗa mana 'yar jakar magani: na ciwon kai, na amai, gishirin gudawa, filasta da bandeji.

Don sabawa, duk Asabar bayan sallar asuba muna takawa daga Gyadi-Gyadi har Dala, mu hau mu sauko sau uku. Ranar farko ɗayanmu ya zauna a tsakiyar matakala ya ce a wuce a bar shi. Yanzu shi ke gaba.

Kayan sanyi kuwa, gwanjon Ƙofar Wambai ya rufa mana asiri: jaket mai kauri, suwaita, hular sanyi, safa uku-uku, rigar ruwa, da kambas mai ƙasa mai kama ƙasa, don silifas ba ya hawan tudu. Sai tocila, batirin ajiyar caji, gorar ruwa, ƙuli-ƙuli da dabino da garin kwaki na hanya. Katin makaranta da katin ɗan ƙasa suna cikin leda a aljihun gaba, saboda yankin iyaka ne, akwai shingayen jami'an tsaro. Mun kuma koma wurin malaminmu na Islamiyya ya sake bita mana hukuncin sallar ƙasaru.

Abin da za mu gani, da abin da muka haƙura da shi

Jerinmu na farko wuri goma sha ɗaya ne cikin kwana uku. Abokinmu ɗan Nguroje ya karɓi biro ya soke takwas. Ya ce a kan tsauni ba a auna nisa da ido: ƙauyen da kake hange a tsallaken kwari, kana iya yini kafin ka taka shi.

Ga ukun da suka rage. Rana ta farko, gonar shayi ta Kakara, inda ake noma ganyen da ake sayarwa da sunan Highland Tea. Mu da kullum muke bencin mai shayi, ba mu taɓa ganin ganyen a jikin itacensa ba. Rana ta biyu, kurmin Ngel Nyaki kusa da ƙauyen Yelwa, ɗaya daga cikin ragowar dazuzzukan kan tsauni a ƙasar nan, inda har yanzu ake samun birin nan mai kama da mutum da ake kira cimfanzi. Sai da izinin masu kula da shi da ɗan jagora ake shiga. Rana ta uku, mu yi sammako mu tsaya a bakin tudun Gembu mu ga hazo yana tashi daga kwarin Donga, sannan mu gangara bakin kogin, mu dawo ta kasuwa mu ga ayaba da fiya da dankalin Turawa a inda ake noma su.

Wanda ya fi yi mana ciwon sokewa shi ne Chappal Waddi, dutse mafi tsayi a Nijeriya, mai mita 2,419, a kan iyakar Kamaru cikin gandun dajin Gashaka-Gumti, wanda shi ne mafi girma a gandayen dajin ƙasa da muke da su. Hawansa tafiyar kwanaki ce a ƙafa, da jagora da izinin hukumar gandun da guzuri na musamman. Ba aikin zuwan fari ba ne. Mun rubuta shi a shafin ƙarshe na littafinmu, ba mu sa masa rana ba.

Gare ku

Ba muna cewa ku tara kuɗin tara ku kama hanyar Taraba ba. A shekarunku, tafiya irin wannan ta makaranta ce: ku kai maganar ga malamin labarin ƙasa ko ƙungiyarku ta ɗalibai, maza da mata, a tsara ta da sanin shugaban makaranta da sa hannun iyaye. Kuma ba dole sai Mambila ba. Ku fara da Dala da Goron Dutse, ko madatsar ruwa ta Tiga, ko duwatsun Birnin Kudu masu zanen mutanen da. Duk inda za ku, ku ɗauki tambayoyin Baba guda uku ku ƙara da biyun da direba ya koya mana: wane lokaci ne na shekara, kuma kwana nawa ne a hanya? Sannan a binciki lafiyar hanyar a makon tafiya, daga bakin waɗanda suka biyo ta.

Makon jiya muka koma zauren nan na Tarauni da littafinmu. Baba ya sa tabarau, ya bi shafi-shafi, ya tsaya a kan na ko-ta-kwana ya daɗe yana dubawa. Ya kira mahaifin abokinmu na Nguroje suka sake gaisawa. Da ya ajiye wayar sai ya ce, "Wace rana ce?"

Muka ce Asabar ta farko bayan an gama jarrabawa, in Allah ya kai mu.

Ya ce, "Ku kwana da shiri. Ƙarfe biyar zan tayar da mota, ba na jiran kowa."